Neman Albasar Kwaɗi a Ƙasar Daura

Na yi shekara uku a hannun kakata, a wani ƙauye gabas da Daura ta hanyar Zango, kafin a mai da ni Kano a sa ni makaranta. A bayan garin akwai tafki inda muke kai awaki. Duk rani a bushe yake, laka ta tsattsage har ƙafar yaro kan iya faɗawa ciki. Amma da an yi ruwan shuka, ba a daɗewa sai bakin tafkin ya yi fari kamar an shanya mayafai. Furanni ne manya, kowanne ya kusa tafin hannu, fari tas da jan zane a tsakiyar kowane kunne, huɗu ko biyar a kan kara guda. Da magariba ƙamshinsu yakan biyo iska ya iske mu a tsakar gida muna cin tuwo. Kakata ta hana mu tsinka, ta hana mu tonowa. Takan ce, "Albasar kwaɗi ce, ba ta miya ba. Wanda ya ci, shi da amai."

Bayan shekara talatin da ɗoriya, da Allah ya hore mini gida a Kano mai ɗan fili, ita na fara tunawa. Na zaga wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Suna da iri-iri jere a baƙaƙen ledoji, yawancinsu baƙi ne daga wasu ƙasashe, kuma kusan duk sai an ba su ruwa safe da yamma. Babu wanda ya san albasar kwaɗi. A ƙarshe wajen wani mai maganin gargajiya na same ta, cikin tarin kawunan tsirrai da yake kira gadali. Na saya, na dasa a bokitin roba, na riƙa ba ta ruwa kullum yadda ake yi wa sauran. Ta yi ganye mai kyau har kaka. Da hunturu ya shigo ganyen ya soma rawaya, na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Kafin sanyi ya wuce kan ya ruɓe, da na tono shi sai ya narke mini a hannu. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san ba a shekara ɗaya ko biyu ya kai wannan girma ba.

Sai na kira kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda har yau yake noma a ƙauyen. Ya ce, "Ɗan nan, in furen kake son gani ka zo cikin daminar nan. Amma kada ka sa rai da tafkinmu."

Na tashi daga Kano a makon ƙarshe na Yuli. Hanyar Daura takan bi ta Dambatta, ta ratsa Kazaure a jihar Jigawa, sannan ta shiga jihar Katsina. Gero ya kai ƙugu, an gama firi ana maimai, ko'ina ka duba mutane ne sunkuye da hauya. Da an wuce Kazaure da duwatsunta ƙasa takan baje ta koma jigawa, itatuwa su yi nesa da juna. Gawo ne kaɗai tsaye ba ganye a cikin koren gonaki, shi da yake zubar da nasa da damina ya tofo da rani. Jefi-jefi ana hango aikin layin dogon da aka ƙaddamar a 2021, wanda zai haɗa Kano da Maraɗi ta Daura da Katsina.

Ban wuce ƙauye kai tsaye ba, na tsaya a rijiyar Kusugu cikin garin Daura kamar yadda na saba. Rijiyar tana cikin ɗaki yanzu, baƙi na zuwa su leƙa, su ja guga su sha. Kowane ɗan makaranta ya san labarin macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi, ya auri Daurama. Malaman tarihi suna da maganganunsu a kan labarin, ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne garin da tarihinsa ya fara da rabon ruwa. Har gobe kuwa haka ƙasar take. Ruwan da ake samu a shekara bai wuce wajen milimita 600 ba, kuma kusan dukansa a wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas kowane mai rai sai ya nemi dabara. Kuka takan adana ruwa a gindinta, gawo yakan zura saiwa can ƙasa, kwaɗi su shige laka su yi lamo. A ganina daga nan sunan furen ya samo asali: tare suke ɓuya, tare suke fitowa, daren da kwaɗi suka fara kuka a tafki shi ne lokacin da ita ma take motsi a ƙarƙashin ƙasa.

Da la'asar babur ya sauke ni a ƙofar gidan Kawu. Bayan gaishe-gaishe da fura, ya ɗauki sandarsa ya ce mu je in gani da idona.

Tafkin yana nan, sai dai ya tsuke. Gefen gabas, inda furannin suka fi yawa a da, ya zama lambu. An haƙa 'yan rijiyoyi, an yi wa injin ban-ruwa rumfa, da rani ana noman tumatir da tattasai da albasa, da damina a sa masara. Gefen yamma rami ne mai zurfi inda ake ɗibar ƙasar gini. Muka zaga sau biyu ina duban kowane ganye mai faɗi. Ko gindi ɗaya babu.

Na ce, "Kawu, fari ne ya cinye ta?"

Ya girgiza kai. Ya ce farin 1973 da idonsa ya gani, na 1984 kuwa da iyalinsa ya same shi. Shanu sun mutu, itatuwa sun bushe a tsaye, mutane sun tafi cin rani wasu ba su dawo ba. "Amma shekarar da ruwa ya dawo, ita ce ta fara fitowa. Fari ba ya yi mata komai. Garma ce." Ya nuna lambun da sanda. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai, yau magada goma sha wani abu ne a cikinta, fadama kuwa ita ce ƙasa mafi tsada a garin. Garmar shanu takan tsinke kan albasar gida biyu, shekara ta zagayo a sake, ga maganin feshi da ake yi wa ciyawa yana ƙone ganyen kafin ya tara wa kan abinci. 'Yan ragowar da suka tsira a gefe, masu neman gadali suka bi su da dagi.

Ban ga laifin mai lambun ba, kuma ba zan gani ba. Da tumatirin nan ake sayen hatsi idan rumbu ya ƙare, da shi ake biyan kuɗin asibiti. Abin da ya ba ni takaici shi ne wurin da furen yake bukata bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma babu wanda ya yi niyyar kashe shi. An dai yi ta noma ne, wata rana aka duba babu.

Da dare Kawu ya ce akwai wani abokinsa arewa da Mai'adua, dab da iyaka, da ya taɓa ganin ta a gonarsa. Washegari ta zo daidai da ranar kasuwa, sai muka bi motar 'yan kasuwa muka koma Daura, muka ɗauki hanyar Kwangwalam, wadda in ka miƙe ta za ta kai ka Damagaram.

Kasuwar Mai'adua ta dabbobi ce kafin komai: shanu da raƙuma da raguna daga Nijar, dillalai na ta ciniki, manyan motoci na lodi zuwa kudu. A wani lungu, kusa da masu sassaƙe da saiwoyi, na ga abin da nake tsoro. Wani mutum ya shimfiɗa buhu ya jera kawuna, manya da ƙanana, wasu da ɗanyar ƙasa a jikinsu, yana faɗin aikin kowanne: wannan na farin jini, wannan na kasuwa, wannan na tsarin garke. Gadali suna ne da ake ba tsirrai masu kai iri daban-daban, kuma akwai albasar kwaɗi a cikinsu, na gane ta da dogon wuyanta. Maganar ko abin yana aiki, da hukuncinsa a addini, malamai sun sha yin ta, fagensu ne. Tawa damuwar ita ce kan da ya ɗauki shekaru yana girma, dagi ya fitar da shi kafin a sha ruwa, kuma wanda ya tono ba ya mayar da ko ƙwayar iri a ramin. Nan na tuna ni ma kuɗina sun shiga wannan ciniki, ranar da na sayi tawa a Kano.

Daga kasuwa muka hau babura muka yanki hanyar rairayi, ta cikin gero da sabara da kalgo. Abokin Kawu dattijo ne da ya haura saba'in, muka same shi a gona. Da Kawu ya faɗa masa abin da ya kawo ni daga Kano, ya dube ni ya ce, "Malam, magani za ka yi?" Na ce, "A'a Baba, furen nake so." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ajiye hauya ya ce mu biyo shi.

A ƙarshen gonar ƙasa ta yi kwari, ƙarƙashin wata kanya. Ruwa yakan kwanta a wurin kwanaki bayan kowane ruwan sama, gero ba ya yi, shi ya sa tun zamanin mahaifinsa ba a noma shi. Ya kewaye shi da ƙayar magarya. Ga ta nan a ciki. Na ƙirga gindi ashirin da bakwai, ganye dogaye masu sheƙi, gefensu a ɗan lanƙwashe, sun baje a kan laka. Yawancinsu sun riga sun gama fure, amma uku suna da kara a tsaye da ƙunshin da bai buɗe ba. Baba ya ce in na yi haƙuri zuwa faɗuwar rana zan gani.

Muka zauna gindin kanyar. Kawu da abokinsa suka shiga hirar taki da tsadarsa, ni idona yana kan karan nan. Da rana ta yi ja sai ƙunshin ya fara sakin baki, kunnuwan suna rabuwa a hankali suna lanƙwasawa baya, jan zanen ya fito sosai a kan farin. Kafin mu idar da sallar magariba a gefen gona ƙamshin ya cika kwarin. Shi ne dai, wanda na sani a tsakar gidan kakata, ban san hanci yana riƙe abu haka ba. Can sai ga wani babban malam-buɗe-littafi irin na dare, ya tsaya cak a iska gaban furen yana kaɗa fiffike, ya zura dogon bakinsa har cikin maƙogwaron furen, ya koma na gaba. Dominsa furen yake fari, dominsa yake jiran duhu kafin ya saki ƙamshi, shi ne mai kai garin fure daga wannan gindi zuwa wancan. Kowane fure kwana ɗaya ko biyu yake yi ya yanƙwane.

A nan muka kwana. Da safe na roƙi Baba ya sayar mini da gindi ɗaya. Ya ce, "Malam, ba maganar kuɗi ba ce. Uwa ba ta tashi daga nan. In kana so ka ɗauki 'ya'ya." Ya sunkuya ya ɗaga wani kara da ya kwanta a ƙasa. A bakinsa akwai wasu ƙulle-ƙulle da fatarsu ta fara fashewa, a ciki ga iri, manya kamar goro ƙanana, masu nama, ba su da siffa ɗaya. Wasu da suka riga suka zube har sun fitar da farin tsiro sun soka shi a laka. Ya ce haka take yi: kara ya yi nauyi ya kwanta, iri ya zube, in ruwa ya zo ya tura shi gaba kaɗan.

Na ba shi labarin wadda ta ruɓe mini. Ya tambaye ni wane wata na daina ba ta ruwa, na ce ban daina ba. Ya ce, "To ai ka hana ta barci. Dubi nan. Da damina a cikin ruwa take tsundum, ba ta damu ba. Da kaka ganye ya bushe, ƙasar nan ta yi tauri kamar dutse, awaki su bi ta kai, wuta ma ta bi ta kai. Tana ƙasa abinta. In ka ga ganye ya yi rawaya, sallama take yi maka."

Abin da Baba ya faɗa a tsaye cikin laka, shi na tarar a rubuce daga baya. Sunan albasar kwaɗi ya haɗa tsirrai fiye da ɗaya, amma wannan mai jan zane masana suna kiranta Crinum ornatum. Tun 1916 wani likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, kuma daga bakin manoma da makiyaya da masu magani irin su Baba aka tattara sunayen. Wani abin da ya faranta mini rai shi ne, a tsarin da masana suke bi yanzu, albasar miya da tafarnuwa da albasar kwaɗi dangi ɗaya aka sa su. Bahaushen da ya raɗa mata suna bai yi kuskure ba. Kakata ma ta yi gaskiya, akwai guba a kan da ganyen, mai sa amai da gudawa, shi ya sa dabbobi ba su cika kula ta ba, shi ya sa kuma bai kamata a bar ta inda ƙananan yara za su kai hannu ba.

Amma abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne halin irin. Gero za ka zuba a rumbu ya shekara, ka fitar ka shuka ya fito. Irin albasar kwaɗi ba ya ajiyuwa. Da ruwansa yake zuwa, ba ya jiran komai, ko a kan tebur ka bar shi zai tsiro, in kuwa ya bushe ya mutu. Ma'ajiyar irin shuka da ake yi a duniya, inda ake busar da iri a sanyaya shi ya yi shekaru, ba ta karɓar irin wannan yadda take karɓar hatsi. Ke nan ba ta da rumbu sai ƙasa. Duk kwarin da aka nome ko aka tone, abin da ke cikinsa ya tafi, sai in wani ya kai iri wani wuri cikin makonnin da yake da rai. Muna ta maganar dashen itatuwa don tare hamada, kuma Katsina na cikin jihohi goma sha ɗaya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wannan duk daidai ne. Sai dai ban taɓa jin an yi maganar ƙananan tsirran da ke ƙarƙashin itatuwan ba. A makarantu da ofisoshi da gidajenmu muna sayen ruwa a jarka muna shayar da furannin baƙi, ga namu da ya san wata takwas ba ruwa yana ƙarewa a bayan gari.

Muna fita daga kwarin Baba ya nuna mini wani abu a jikin shingen, wata 'yar yaɗo da take kama ƙaya da bakin ganyenta, furenta ja da rawaya, kunnuwan a murɗe sun juya sama kamar harshen wuta. Gatarin kurege ke nan, saboda saiwarta mai baki biyu kamar ƙotar gatari. Ita ce furen ƙasa a Zimbabuwe, a kudancin Indiya kuma noma ta ake yi don maganin da ake cirewa daga irinta. Gubarta ta fi ta albasar kwaɗi nesa, tana kisa. Baba ya ce ita kam ko 'ya'yan ba zai ba ni ba, tunda akwai yara a gidana. Ban yi musu ba.

Ya zaɓo mini iri tara, ya naɗe a ganyen kalgo da ɗanyar laka, ya ce kada in sa a leda, kada kuma in bari su kwana uku. Na miƙa masa abin goro ya ƙi, sai da Kawu ya sa baki. A Daura na sayi tukwanen ƙasa uku masu zurfi, a daren na iso Kano.

Wannan karon na huda gindin kowace tukunya, na zuba tsakuwa a ƙasa, na haɗa rairayi da ƙasar fadama da ruɓaɓɓen takin awaki. Irin ba binne shi ake yi ba, ɗora shi ake yi a kan ƙasa a ɗan danna, rabi a ciki rabi a waje. Na ajiye tukwanen inda ruwan sama zai same su da rana ta safe. Shida suka kama. Kowanne ya fara tura tsiro ƙasa, ya ƙulla ɗan kai a can, sannan siririn ganye ya fito, irin kuma ya yi ta motsewa har ya zama ɓawo. A Satumba wata baƙar tsutsa mai ɗige-ɗige ta shiga ganyen ɗaya ta bi shi har kai, na rasa shi, daga nan kullum da safe sai na duba bayan ganye na cire da hannu. Saura biyar.

Da ruwa ya ɗauke na riƙa rage ban-ruwa, saboda ƙanana ne ban yanke musu lokaci ɗaya ba. A Nuwamba ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Na janye tukwanen zuwa inuwar katanga na bar su. Wannan ne ya fi wuya. Hunturu ya wuce, bazara ta zo da zafinta, ƙasar tukwanen ta bushe har ta janye daga jikin tukunya. Maiɗakina ta tambaye ni ko a juye a shuka wani abu, na ce a bari. Ni kaina akwai ranar da na tsaya a kansu da buta a hannu, na tuna maganar Baba na mayar.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a Kano cikin dare. Na fitar da tukwanen tsakar gida da kaina ina jiƙewa. Kwana shida ba abin da ya motsa. A na bakwai ƙaramar 'yata ta shigo da gudu ta ce, "Baba, abinka ya fito." Kore ne guda huɗu, kamar bakin allura, na biyar ya biyo baya da kwana biyu. Daga iri zuwa fure sai an yi shekara uku ko fiye, saboda haka har yanzu ganye kawai nake da shi. Na kira Kawu na ce ya isar wa Baba. Ya ce zai faɗa masa ranar kasuwa, kuma shi ma ya karɓo iri huɗu ya dasa a gefen tafkinmu, wajen da garma ba ta kaiwa, ya kewaye da ƙaya.